Ido Ba Mudu Ba Ne: A Kan Allon Sa-ido a Asibitocin Sakkwato

Bara da bazara na yi jinyar baffana kwana goma sha ɗaya a wani asibiti a nan cikin garin Sakkwato. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, don abin da na gani a can ba su kaɗai ke da shi ba, kuma waɗanda suka duba shi sun yi mana ƙoƙari gwargwadon abin da ke hannunsu.

A dare na uku ban runtsa ba. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, fanka ta tsaya, zafin Afrilu ya cika ɗakin kamar an rufe mu cikin tanda. Ina zaune kan tabarma a gindin gado ina yi wa Baffa fifita da kwalin magani. Da asuba na ɗauko takardar nan da ake ratayewa a ƙafar gado, wadda ake rubuta awon jini da zafin jiki da bugun zuciya. Sai na ga an cike ta tsaf: ƙarfe goma na dare, ƙarfe biyu, ƙarfe shida, kowane gurbi da lambarsa, da biro ɗaya, da rubutu ɗaya. Na ƙarfe goma na shaida, a gabana aka yi. Na ƙarfe biyu kuwa babu wanda ya zo. Ƙarfe shida ma ba ta yi ba tukuna.

Na sami nas ɗin a teburinta tana haɗa allura, ta kafa fitilar wayarta a jikin kwalbar ruwa. Na ce, "Sista, don Allah wannan awon na ƙarfe biyu fa?" Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi musu ba. Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Malam, ni kaɗai ce a ɗakin nan tun jiya. Ƙirga gadajen. Ma'aunin guda ne, shi ma da ɗakin mata muke rabawa. In na bar gurbin babu komai, gobe ni za a kira ofis. In na cike, babu mai tambayata."

Na ƙirga gadajen. Sun haura ashirin, kuma babu wanda ba kowa a kansa.

Maganar wannan baiwar Allah ce ke dawo mini duk lokacin da na ji ana zancen kafa wa asibitoci abin da 'yan boko ke kira dashbod, wato allon sa-ido. Asalin kalmar daga mota take, wurin nan da ke gaban direba inda agogon mai da na gudu da na zafin inji suke. Direban da ya ɗauki hanyar Illela ko ta Gusau ba ya tsayawa kowane kilomita ya buɗe bonet, kallo ɗaya yake yi ya san ko inji ya fara zafi. Haka ake so asibiti ya samu: shafi guda, a kwamfuta ko a bango, da zai nuna wa shugaban asibiti da shugabar kowane ɗaki, a kallo ɗaya, mutum nawa suka rasu a makon nan, mata nawa suka yi zubar jini bayan haihuwa, ɗinkin tiyata nawa ya yi ruwa, wane magani ya ƙare, ina abu ya fara lalacewa. Kore lafiya, rawaya a kula, ja a tashi tsaye.

Ina goyon bayan abin, kuma da gaske nake. Sai dai duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tashar nan tamu ya san akwai motar da agogonta na mai ya mutu tun zamanin da, allurar ta kafe a kan rabin tanki, direba da ƙiyasi yake tafiya. Wannan motar ta fi wadda ba ta da agogo gaba ɗaya haɗari ga baƙon direba, domin shi zai yarda da allurar. In aka ɗauki takarda irin ta Baffa aka zuba ta cikin kwamfuta, abin da zai fito a allon shi ne an auna kowane marar lafiya a kan kari, ɗari bisa ɗari, kore shar. Shugaban asibiti zai gani ya yi hamdala, kwamishina ya gani ya yaba, ita kuma nas ɗin ta ci gaba da kwana ita kaɗai da gado ashirin da ma'aunin aro, tunda allo ya ce babu matsala.

Shekara da shekaru muna fama da mutanenmu su zo asibiti. A rediyo, a masallaci, a fadar hakimi, magana ɗaya ce: ku kai mata awo, ku daina haihuwa a gida, ku kawo yara da wuri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar Sakkwato haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Amma a shekarar 2018 ɗin ce kuma wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya fitar da lissafin da ya kamata ya hana mu barci. A ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, mutum kusan miliyan 8.6 ke mutuwa a shekara da cututtukan da ake iya magancewa. Miliyan 3.6 daga cikinsu ba su je asibiti ba. Sauran miliyan 5 sun je, kulawar da suka samu ce ba ta da inganci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma na cutuwa a yayin da ake yi masa magani, kuma kusan rabin wannan cutuwar ana iya kauce mata. Matar ƙauye ba ta karanta Lancet ba, amma ta ji labarin maƙwabciyarta da aka kai da ƙafarta aka dawo da gawarta, kuma wannan labarin ya fi duk wata sanarwar rediyo saurin zagaya gidan suna da gidan biki.

Na san abin da za a fara ce mini, don a gidanmu ma an ce mini: kwana ne ya ƙare, ƙaddara ta riga fata, mene ne na tone-tone? Ni ma na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma a garin Shehu da Bello bai kamata a ce sai an tuna mana da abin da ya faru da Sayyidina Umar ba. Ya nufi Sham, aka tare shi a hanya aka ce annoba ta ɓarke. Ya yi shawara ya yanke a koma. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce, ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma ai ya san wanda zai zaɓa. Iyalan mamaci su ce Allah ya yi, wannan haƙuri ne kuma ibada ce. Asibiti kuwa in ya ce Allah ya yi ya rufe folda, bai tambayi ko akwai jini a firji a daren ba, bai tambayi awa nawa matar ta yi tana jiran tiyata ba, ya ɓuya ne a bayan haƙurin mutane. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Da ɗabi'ar magabatanmu ita ce naɗe hannu, da bai ɓata tawadarsa ba.

Ƙirga kuwa yana tona abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. A shekarun 1840, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. Wani matashin likita, Ignaz Semmelweis, ya zauna da rijistar mace-mace ya ga a ɗakin likitoci kusan mace goma cikin ɗari ke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, a na ungozomomi kusan huɗu. Ruwa ba ya tsami banza. Ya bi diddigi ya gano likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke fitowa su shiga duba masu naƙuda. A 1847 ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, a shekarar da ta biyo baya mace-macen suka sauko ƙasa da biyu cikin ɗari. Ladansa? Manyan likitoci suka ji haushin a ce hannunsu ne ke kisa, suka juya masa baya, ya bar garin. Wannan rabin labarin ma a riƙe shi, don duk wanda zai kafa allon gaskiya a asibiti zai gamu da jikokin waɗannan manyan.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba a abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya. Ƙa'ida ita ce in jinin ya kai mililita 500, kusan cikin leda guda ta fiya wata, to a tashi tsaye. Amma da me ake aunawa? Da ido. Ungozoma ta dubi zani, ta dubi katifa, ta dubi ƙasa, ta ce bai yi yawa ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai an gwada, an tarar ido bai san kimar ba. Wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ya kawo wata leda mai aljihu da zanen ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki a gan shi da lamba. Da zarar ya kai layin, sai a haɗa mata magungunan da matakan gaba ɗaya, ba a yi ta gwada ɗaya bayan ɗaya ba. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna a asibitocin da aka bi tsohuwar hanya kusan rabin masu zubar jinin ne kawai aka gano, a masu ledar kuwa fiye da tara cikin goma. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ma'aunin na ƙarƙashin matar ne, a gaban idon ungozomar da za ta iya yin wani abu a cikin minti biyar. Ba a ofishin kowa yake ba. A ganina nan ya kamata allon asibiti ya fara: a bangon ɗakin, da alli ko maka, a hannun waɗanda ke kwana a wurin. Kwamfuta ta biyo baya.

Domin ba rashin rubuce-rubuce ke damun asibitocinmu ba. Shiga ofishin masu kati ka ga rijista kan rijista: ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta zazzaɓin cizon sauro, ta tarin fuka, wasu ma kowace ƙungiyar agaji da tata. Ƙarshen wata a tattara a cike fom, a shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙiro kuma Najeriya ta ɗauka a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Lambobin su hau daga asibiti zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Abuja. Hawa kawai suke yi. Nas ɗin da ta cike su da wuya ta sake ganinsu, balle a zauna da ita a ce ga abin da suka nuna. Kuma yawancinsu lissafin yawa ne: mutum nawa suka zo, allura nawa aka yi. Ba su faɗin ko wanda ya zo ya tafi da sauƙi ko da sabon ciwo. Wanda ke rubuta abin da ya san ba mai karantawa, ba abin mamaki ba ne ya rubuta abin da ya zo masa a ka.

Da ni za a tambaya, ba zan ɗora fiye da abu goma a allon kowane ɗaki ba, kuma zan fara da waɗanda ƙarya ke wahala a kansu. A ɗakin haihuwa, minti nawa ne tsakanin lokacin da likita ya ce sai an yi tiyata da lokacin da aka fara, kuma in an yi jinkiri me ya jawo: kuɗi ne dangi suka fita nema, ko jini ne babu, ko mai sa barci ne ba ya kusa, ko man janareto? Wannan tambayar ita kaɗai ta isa ta nuna wa shugaban asibiti inda takalmi ke matsa wa mutanensa. Kwana nawa a watan nan aka wayi gari babu allurar jijjiga, wadda mai ciki ke iya mutuwa cikin sa'o'i in babu ita? Allurar tsayar da jini ta oksitosin sanyi take so, a garin da zafi ke haura digiri 40 wata da watanni, to awa nawa firjin ya yi babu wuta? Maganin na nan a kan kanta, an rubuta akwai, amma zafi ya kashe ƙarfinsa. Sai ruwan famfo da sabulu a wurin wanke hannu, akwai ko babu, kowace safiya. Sai nas nawa suka kwana a kan gado nawa. Wannan na ƙarshen in ba ya kan allon, sauran duk zalunci ne, domin za a nuna ja a ɗakin ba a nuna dalilin jan ba.

Akwai kuma waɗanda ke ɓacewa daga lissafi gaba ɗaya. Duk wanda ya yi jinya ya san kalmar "sun sa hannu": kuɗi ya ƙare, ko dangi sun ga jiki ya yi tsanani sun fi so ya cika a ɗakinsa, sai su sa hannu su ɗauke marar lafiyarsu. Ba ya cikin waɗanda suka warke, ba ya cikin waɗanda suka mutu, littafin asibiti ya fita fes. Haka wadda aka yi wa tiyata aka sallame ta kwana huɗu, ɗinkin ya ruɓe a gida, ta tafi kemis ɗin unguwa. Masana suna bin ɗinkin tiyata har kwana 30 kafin su ce ya tsira. Yau da kusan kowane gida akwai waya, kiran minti biyu ya isa a san gaskiya, kuma kuɗin katin wayar bai kai na kwalin safar hannu ba.

Sai a yi hattara da kwatanta asibiti da asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru da na mata da yara na Maryam Abacha su ne matattarar duk abin da ya gagara daga ƙananan hukumomi 23, har da na Kebbi da Zamfara da ƙetaren iyaka ta wajen Ƙonni. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a wani ƙauye na Gada ko Isa, aka yi ta yawo da ita a hanyar da ba kullum ake iya binta da dare ba, ta iso numfashi sama-sama, in ta rasu a littafin babban asibiti za a rubuta. Ƙaramin asibitin da ya riƙe ta awa takwas kafin ya tura ta kuwa allonsa kore. In aka jera su aka ce wane ya fi kisa, an koya wa kowa dabara ɗaya ke nan: da ka ga mai tsanani, tura shi gaba tun bai mutu a hannunka ba. Shi ya sa dole a raba wanda ya rasu cikin awa 24 da isowarsa da wanda ya rasu bayan ya kwana biyar a hannunku, a kuma rubuta daga ina aka turo shi da ƙarfe nawa. Asibiti ya fi amfana in ya kwatanta kansa da kansa, watan jiya da na yau.

Kada a ɗauka wasa da lamba ciwon talaka ne. A Ingila, inda kwamfuta ba ta yi musu ƙaranci ba, asibitin garin Stafford ya shafe shekaru tsakanin 2005 da 2009 yana bin lambobin da hukuma ke so, na tsimin kuɗi da na sallamar masu jiran gaggawa cikin awa huɗu, alhali a ɗakunan ana barin tsofaffi cikin ƙazantarsu, wasu da ƙishirwa babu mai ba su ruwa. Wadda ta tayar da maganar har ta kai ga babban binciken da aka fitar da rahotonsa a 2013 ba injiniyar kwamfuta ba ce. Mai jinya ce, wadda ta kwana a gindin gadon mahaifiyarta ta ga abin da ake yi. Duk lambar da aka ɗaura wa ƙarin girma ko horo, za a samu mai gyara ta. Mun karanta Wailul lil muɗaffifina tun muna makarantar allo, muna ɗauka da mai tiyar gero a kasuwa kawai ake. Tauye mudu a rijistar asibiti ya fi muni, amma kafin a zargi wadda ta tauye a dubi wanda ya sa gurbin da babu komai ya zama laifi, cikakken na ƙarya ya zama kariya.

Tsarin da zai gyara wannan ma muna da shi a takarda. Najeriya ta karɓi tsarin bitar mutuwar mata masu haihuwa da jarirai, inda ake zama a bi kowace mutuwa daki-daki, kuma ginshiƙinsa shi ne ba a kama suna, ba a ɗora laifi. Ana neman inda tsari ya yoye ne. Wannan ruhin ake so ya shiga allon. Nas ɗin da ta zo ta ce na yi kuskure na ba wane allurar wane, a fara gode mata, sannan a tambaya me ya sa kwalaben biyu suke kama da juna kuma suke aljihun tebur ɗaya. Ɗakin da ya kawo rahoton kuskure goma a wata ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya ce bai taɓa yin ko ɗaya ba. Ganganci da sakaci na gangan daban ne, suna da hukumominsu.

Abokina likita, da na kawo masa wannan zancen, dariya ya yi. Ya ce auna rago ba ya sa shi ƙiba. Abokan karatunsa rabi suna Saudiyya, wasu Ingila, albashi ba ya kai wata, kai kana zancen allo? Yana da gaskiya, har ma zan ƙara masa. In aka ce nas ɗin Baffa ta ƙara cike wani sabon fom a kan waɗanda take cikewa, an ƙara mata kaya ne. Duk wanda zai kawo sabon layi ɗaya, ya soke tsofaffi biyu. Kuma in abu ya yi ja wata uku a jere babu wanda ya motsa, a wata na huɗu ba mai sake rubutawa. Saboda haka kowane layi a allon ya zama da ofishin da zai amsa shi, da ɗan kuɗin da shugabar ɗaki za ta iya taɓawa ta gyara famfo ko ta sayi batir ba sai takarda ta yi wata biyu tana yawo ba. Inda na saɓa da shi shi ne, ba tare da lambar ba, da me za a je gaban masu kasafi? "Muna wahala" kowa na faɗa, an saba ji. "A watan Mayu dare goma sha tara nas ɗaya ce ta kwana da gado ashirin da biyar, ga sa hannun kowane dare" magana ce da ɗan majalisa ba zai iya shafa mata mai ba.

Abin da nake tsoro shi ne a mayar da abin kwangila, don mun sha gani. A sayo ƙatuwar talabijin a kafa a ofishin shugaba, a yanka kyalle, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Wata shida kuɗin intanet ya ƙare, lambar sirrin tana hannun ɗan kwangilar da ya koma Abuja, talabijin ta koma ta kallon ƙwallo. Matasanmu da suka karanta kwamfuta a jami'o'in garin nan za su iya gina abin da zai yi aiki a ƙaramar waya, ko babu sabis ya ajiye ya tura daga baya, a kan sola. Amma su fara kwana uku a ɗakin marasa lafiya kafin su rubuta layi ɗaya.

Sai tambayar wa zai gani. A nan ra'ayina ya rabu biyu, kuma na bar shi a rabe. Rahoton kuskure da bitar mace-mace su tsaya a cikin gida tukuna, in ba haka ba tsoro zai rufe bakin kowa. Sunan marar lafiya kuwa ko alamarsa kada su kusanci allon. Sakkwato gari ne da in ka ce wata mata 'yar shekara kaza daga unguwa kaza, an gama gane ta kafin la'asar, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hana. Amma abin da ya shafi kayan aiki haƙƙin jama'a ne su sani: yau akwai jini, akwai iskar oksijin, likita nawa ke bakin aiki, awa nawa ake jira, wane magani ne kyauta. A rubuta a bakin ƙofa da Hausa, da boko da ajami, tunda dattawanmu da yawa da ajami suka fi sakewa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce sai asibiti ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida kafin ya yi aiki, an kuma ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya a 2018. Mutum nawa cikin masu shimfiɗa tabarma a barandar asibiti suka taɓa jin ko ɗaya? Kuma a bar wa masu jinya layi guda a allon. Su ne ke nan ƙarfe biyun dare. Tambaya uku a ranar sallama ta isa: an yi maka bayanin ciwon, an zo da ka kira, an karɓi kuɗin da ba a ba ka rasit ba?

Baffa ya tashi, alhamdu lillahi. Sai dai ya fito da gyambo a ƙugunsa, irin wanda doguwar kwanciya a gefe ɗaya ke jawowa. Ashe ana so a riƙa juya irinsu kusan kowane awa biyu. Babu wanda ya gaya mana, ga mu kuwa mu uku muna karɓa-karɓa a gindin gadon, aikin da za mu yi a kyauta. Wata uku muna wankin gyambon a gida, wani ma'aikacin lafiya na unguwa na zuwa muna biyansa, kuɗin da ya tafi a kai ya kusa na jinyar kanta.

Ranar da muka koma ganin likita na roƙe shi ya duba foldar ko an rubuta gyambon. Ya buɗe shafi-shafi har ƙarshe. Takardar sallama ta ce ya samu sauƙi, an sallame shi. Baffa daga kan keken guragu ya ce mini, "Kai dai ka cika bincike, ɗan nan. Ba ga ni da raina ba?" Likitan ya yi shiru kaɗan, ya ce a kwantar da shi ya gani. Ya duba tabon, ya tambaye ni ranar da muka fara lura da shi, ya ciro jan biro daga aljihu ya rubuta layi biyu a gefen shafin, ya sa kwanan wata. Sannan ya rufe foldar ya ɗora ta kan tulin da ke gefensa, ya ce a kira na gaba.